Tsohuwar Dalar Azurfa Ta Amurka Da Masu Nemanta

A cikin watan Janairu na 2013, aka yi gwanjo a birnin New York na ƙasar Amurka. Cikin kayan da aka kasa har da wata tsohuwar dala guda ta azurfa, wadda aka buga a 1794. Masu saye suka yi ta ƙari, wannan ya taya, wancan ya ɗara, har aka sallama ta a kan kuɗi fiye da dala miliyan 10. Nauyinta bai wuce giram 27 ba. Da maƙerin farfaru ne ya narkar da ita, abin da zai samu bai fi na zobe uku ko huɗu ba.

Wanda ya ji wannan labari sai ya ce ko dai mai sayen ya taɓu ne. Amma ba shi kaɗai ba ne. A ƙasashen Turawa akwai mutane dubbai waɗanda sha'awarsu ita ce tara tsofaffin kuɗin ƙarfe, suna jera su shekara-shekara, kamar yadda malami ya ke jera littattafansa. Ba kuwa ko wace tsohuwar dala su ke so ba. Akwai wadda su ke rububi, akwai wadda su ke wucewa ko waiwaye babu, ko da ya ke azurfarsu ɗaya ce, nauyinsu ɗaya. Dalilin wannan bambanci yana cikin tarihin kuɗin, watau abin da ya same su tun daga ranar da aka buga su.

ASALIN DALA

Kalmar nan dala ba daga Amurka ta faro ba. Wajen 1520 aka shiga buga waɗansu manyan kuɗin azurfa a wani kwari mai ma'adinai a ƙasar Bohemiya, cikin tsakiyar Turai, sunan wurin Joachimsthal. Sunan ya yi wa mutane tsawo, suka gutsure shi, suka riƙa cewa tala. Daga nan kalmar ta bi bakin 'yan kasuwa ƙasa-ƙasa, har ta zama dala. Ta iso ƙasar Hausa ma, gama zamanin fam da sule a kan kira sule biyu dala, a Nijar kuwa har yanzu tamma biyar ita ce dala ɗaya.

Sa'ad da mutanen Amurka suka sami mulkin kansu daga Ingila, kuɗin azurfa na ƙasar Sifen su ne suka fi yawo a kasuwanninsu. A 1792 majalisarsu ta yi doka a kafa gidan buga kuɗi a birnin Filadelfiya, a kuma yi dala tasu ta kansu, wadda girmanta zai yi daidai da ta Sifen. A 1794 aka buga ta farko. A fuska ɗaya aka zana kan mace, gashinta a sake yana kaɗawa, ita ce siffar 'Yanci. A ɗaya fuskar aka zana gaggafa. Injin da su ke da shi a lokacin bai isa manyan kuɗi ba, saboda haka da yawa suka fito zanen bai kama sosai ba. Guda 1,758 kaɗai aka karɓa aka fitar. Waɗanda suka rage a duniya yau ba su kai 200 ba. Wadda aka sayar a 2013 ita ce ta fi kyaun bugu cikinsu, har waɗansu masana suna zaton ita ce hatimin ya fara taɓawa. Ashe abin da mai sayen ya biya shi ne darajar 'yar fari.

DALAR DA SHEKARARTA TA YI ƘARYA

Akwai wata dala da masu tarawa su ke kira sarkin kuɗin Amurka. Shekarar da ke jikinta 1804 ce, amma ba a 1804 aka buga ta ba. Ga yadda abin ya faru.

A 1834 gwamnatin Shugaba Andrew Jackson ta so ta ƙulla ciniki da sarakunan Gabas. Aka shirya aika manzo da gaisuwa, cikin gaisuwar har da akwati mai ɗauke da ko wane irin kuɗi na Amurka, guda-guda. To, an daɗe da daina buga dalar azurfa. Ma'aikatan suka duba littafin lissafi, suka ga an rubuta cewa an fitar da dala 19,570 a 1804, ba a sake ba. Suka sassaƙa sabon hatimi da wannan shekara, suka buga 'yan kaɗan. Abin da ba su lura da shi ba, waɗancan dalolin na littafi da tsohon hatimi aka buga su, shekarar baya ce a jikinsu. Watau ba a taɓa yin dala mai 1804 ba sai da suka yi ta, bayan shekara 30.

Akwati ɗaya ya isa hannun Sayyid Sa'id, Sarkin Maskat da Zanzibar, ɗaya kuma ya tafi wurin Sarkin Siyam, ƙasar da a ke kira Tailan yanzu. Daga baya, da masu tarawa suka ji labari suka shiga nema, waɗansu ma'aikata suka sake buga 'yan ƙalilan a ɓoye. Duka-duka 16 aka sani a duniya. Ta Sarkin Maskat an sayar da ita a 2021 a kan dala miliyan 7 da dubu 680. Wannan ya nuna abu biyu da ke ɗaga darajar tsohon kuɗi, ƙaranci da labari.

Amma irin waɗannan sai attajirai. Yawancin masu tarawa, ma'aikata ne da manoma da 'yan kasuwa, hankalinsu yana kan iri biyu ne da suka zo daga baya, dalar Morgan da dalar Salama. Ko wace tana da giram 26 da 'yan kai, kashi 90 cikin 100 azurfa, sauran jan ƙarfe. Duk da haka ta Morgan ta fi farin jini nesa ba kusa ba.

DALAR MORGAN

A 1859 aka tarad da azurfa mai yawan gaske cikin duwatsun Nevada, can yammacin Amurka. Mutane suka yi ta ƙaura zuwa can, garuruwa suka tsiro a daji. Azurfa ta yi yawa har ta fara araha. Ana cikin haka, a 1873, majalisa ta soke buga dalar azurfa ta cikin gida. Masu haƙa suka yi kuka. Manoma masu bashi a kansu suka goya musu baya, don suna ganin in kuɗi suka yawaita, amfanin gona zai yi daraja, biyan bashi ya yi sauƙi. Aka yi ta ja-in-ja har 1878, sa'an nan majalisa ta yi doka cewa tilas Baitulmali ya sayi azurfa ta dala miliyan 2 zuwa miliyan 4 ko wane wata, ya mai da ita dala. Shugaba Hayes ya ƙi sa hannu, majalisa ta rinjaye shi.

Wanda ya yi zanen sabuwar dalar wani saurayi ne Ba'ingile, George Morgan, wanda aka ɗauko aiki a Filadelfiya a 1876. Maimakon ya kwaikwayi fuskokin gumakan Yunanawa kamar yadda aka saba, sai ya nemi 'yar ƙasa, aka ce wata malamar makaranta ce, Anna Williams, ta zauna ya zana ta. Ya sa mata hula, ya soka zangarniyar alkama da ƙwallon auduga cikin gashinta, don su ne arzikin ƙasar, alkama ta arewa, auduga ta kudu. A baya ya zana gaggafa ta buɗe fikafikai, ta riƙe kibau da reshen zaitun. Aikin ya cika fuskar kuɗin ƙwarai, ko wane silin gashi da ko wane gashin tsuntsu a fili. Bugun farko gashin wutsiyar gaggafa takwas ne, ba a jima ba aka mai da shi bakwai. Har yau masu tarawa suna ƙirga gashin nan da madubin ƙara girma.

An buga ta daga 1878 zuwa 1904, aka sake a 1921. Gidaje biyar ne suka buga ta, ko wane da alamarsa, ɗan ƙaramin harafi ƙarƙashin gaggafa. Na New Orleans yana sa O, na San Faransisko S, na Denver D, na Carson City CC, na Filadelfiya ba ya sa kome. In aka haɗa shekaru da gidaje, sai a sami iri kusan 100. Nan ne daɗin abin ya ke ga mai tarawa. Yana iya farawa da guda ɗaya mai araha, ya yi shekara 20 yana cike gurabe, kullum da sauran abin nema. Waɗansu guraben kuwa da wuyar cikawa. A 1893, da ciniki ya karye a Amurka aka soke dokar sayen azurfa, gidan San Faransisko guda 100,000 kaɗai ya buga, kuma yawancinsu sun shiga kasuwa sun goge. Wadda ta fi kyau cikinsu ta haura dala miliyan 2 a 2021. A 1895 littafin Filadelfiya ya nuna an buga 12,000 don kasuwa, amma ba a taɓa ganin ko ɗaya ba, sai guda 880 da aka yi musamman don masu tarawa.

Harafin da ya fi daɗaɗa musu rai shi ne CC. Carson City ƙaramin gari ne kusa da ramukan azurfa, gidan kuɗinsa kuwa daga 1870 zuwa 1893 kawai ya yi bugu. Ba'amurke in ya riƙe dala mai CC, sai ya tuna zamanin kakanninsa, na mahaƙa da makiyayan shanu da karusan dawaki. Da tsohuwar zuma a ke magani.

WUTA DA TASKA

Abin mamaki, sa'ad da a ke buga dalar Morgan, mutanen gabashin Amurka ba su so ta ba. Ta yi musu nauyi a aljihu, sun fi son takarda. Sai a yamma da kudu ne ta yi yawo. Amma doka ta ce a buga, saboda haka aka yi ta bugawa, ana zubawa cikin jakunkunan zane, dubu-dubu, ana jibgewa a taska. Jimlar abin da aka buga ya wuce miliyan 650.

Sai Yaƙin Duniya na Farko ya zo. Ingila ta shiga matsi a Indiya, gama mutanen can suna kai takardun kuɗi suna cewa a ba su azurfa, azurfa kuwa ta yi ƙaranci. Ta roƙi Amurka taimako. A 1918 majalisa ta yarda, aka buɗe taska, aka narkar da dala fiye da miliyan 270, aka sayar wa Ingila yawancin azurfar. Masu ɗiba ba su duba shekara ko harafi ba, jakar da hannu ya kai ita a ke jefawa wuta. Tun daga ran nan lissafin littafi ya daina amfani. Shekarar da aka buga miliyoyi tana iya zama ta ƙare ƙaf, wadda aka buga kaɗan tana iya kasancewa kwance a taska ba a taɓa ta ba. Babu wanda ya san gaskiya.

Misalin wannan shi ne dalar New Orleans ta 1903. An buga fiye da miliyan 4, amma shekara da shekaru ba a ganinta. Kowa ya ɗauka wuta ta cinye su. Zuwa 1962 sabuwa guda takan kai dala 1,500. A ƙarshen shekarar nan aka buɗe wata taska a Filadelfiya da ta daɗe a rufe, sai ga jakunkunanta, sababbi ful. Cikin 'yan kwanaki kuɗinta ya faɗo ƙasa da dala 50. Waɗanda suka saya da tsada suka yi asara, waɗanda ba su taɓa mafarkin samu ba suka samu.

Labari ya bazu. A lokacin doka ta yarda mutum ya kai takardar dala ɗaya irin ta azurfa, a ba shi dalar ƙarfe. Mutane suka yi dogon layi a ƙofar Baitulmali a Washington, waɗansu da amalanke, ko wane yana fatan jakarsa ta fito da abin arziki. A watan Maris na 1964 gwamnati ta rufe ƙofa. Da aka ƙirga abin da ya rage, kusan miliyan 3 ne, yawancinsu masu CC. Dalar Carson City ta 1884, fiye da kashi 80 cikin 100 na abin da aka buga suna nan cikin jaka, shekara 80 ba su ga rana ba. Gwamnati ta sayar da su ga jama'a tsakanin 1972 da 1980, ko wace cikin ɗan akwatinta, ta sami fiye da dala miliyan 100.

Wannan shi ne babban dalilin farin jinin dalar Morgan. Wuta ta rage waɗansu har suka zama abin farauta, taska kuma ta adana waɗansu har talaka yana iya sayen kuɗin da ya shekara 140 yana walƙiya kamar jiya aka buga shi. Da duk sun yi wuya, da sai attajirai. Da duk sun yi yawa, da ba wanda ya kula.

DALAR SALAMA

Dokar 1918 ta ce a sake sayen azurfa a mayar da abin da aka narkar. A 1921, bayan an sake buga ta Morgan, aka ga ya kamata a yi sabon zane don tunawa da ƙarewar yaƙi. Aka yi gasa, wani mai sassaƙa ɗan asalin Italiya, Anthony de Francisci, ya ci. Fuskar matarsa Teresa ya duba ya zana 'Yanci, da kambi mai tsirkiya kamar hasken rana. A baya gaggafa ta naɗe fikafikanta, ta sauka bisa dutse, an rubuta kalmar da ke nufin salama a ƙarƙashinta. Da fari ya sa karyayyen takobi a ƙafarta. Da labari ya fita a jarida mutane suka fusata, suka ce karyayyen takobi alamar wanda aka ci da yaƙi ne. Aka goge shi daga hatimin kafin a fara bugu.

Bugun 1921, wanda aka yi cikin kwanakin ƙarshe na Disamba, zanensa ya taso sosai, masana da yawa suna cewa ya fi na Morgan kyau. Amma irin wannan bugu yana fasa hatimi, saboda haka a 1922 aka kwantar da zanen. Daga nan kuɗin suka riƙa fitowa kamar an shafe su, gashin bai fito sarai ba. An buga ta zuwa 1928, aka sake a 1934 da 1935, shi ke nan. Irinta 24 ne kacal, babu mai CC, wadda ta fi ƙaranci kuwa, ta Filadelfiya ta 1928, guda 360,649 ce. Mai haƙuri yana iya cika jerinta cikin 'yan shekaru. Tana da masoyanta, musamman masu son zane mai natsuwa da masu ƙaramin ƙarfi, amma farautar da ta ƙare da wuri ba ta cika ba da labari ba.

Abu guda ya rage mata na al'ajabi. A 1965 aka buga 316,076 a Denver da shekarar 1964, sa'an nan gwamnati ta fasa, ta ce a narkar da su duka. Har yau ba a nuna ko ɗaya a fili ba. A 2021, don cikar shekara 100, gidan kuɗin Amurka ya sake buga ta Morgan da ta Salama, don masu tarawa kawai.

LAFIYAR KUƊI

Bayan zane da ƙaranci da labari, akwai lafiyar kuɗin kansa. Masu tarawa suna da ma'auni daga 1 zuwa 70. Lamba 1 shi ne wanda ya goge har da ƙyar a ke gane shi, 70 shi ne wanda ba shi da ko ƙwarzane. Dala biyu masu shekara ɗaya da harafi ɗaya, wata tana iya ninka wata sau ɗari saboda wannan. A dalar Morgan kunci a ke fara dubawa, gama yana da faɗi, duk inda 'yar'uwarta ta buge ta cikin jaka sai tabo ya nuna. Waɗanda suka daɗe suna jingine da zanen jaka sukan rine, su yi launi kamar bakan gizo, wannan ma ana ƙara masa kuɗi.

Mutane da yawa sun yi asara saboda rashin sani, wanda ya fi dare duhu. Mutum ya gaji tsohon kuɗi, ya ga ya yi baƙi, ya ɗauko toka da lemun tsami ya dirje shi har ya yi fari. A idon masani ya kashe shi, don ya kankare fatar da hatimi ya bari, ba ta kuwa komowa. Haka wanda aka huda aka rataya. Akwai kuma na jabu da yawa, har da waɗanda a kan manna wa harafin S ko CC. Saboda haka mai hankali ba ya saye ko sayarwa sai an auna nauyi, an kuma nuna wa wanda ya san aikin.

ƊAN KASUWA DA MAI TARAWA

Ƙasar Hausa ta san wata dalar azurfa tun kafin zuwan Turawa, ita ce liyari, mai kan Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya. Fatake suka kawo ta ta hanyar Sahara. Sa'ad da Bature matafiyi Barth ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana canja guda a kan wuri 2,500. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma mutanen Larabawa da Habasha da Barno sun saba da fuskarta, in aka sāke ko ɗigo ba su karɓa. Don haka aka ci gaba da buga ta da shekarar 1780, a Viyana, daga baya har a Roma da London da Faris da Bombay, fiye da miliyan 300. Liyarin da ke cikin adakar tsohuwa, ko da an rubuta 1780, mai yiwuwa ne bai kai shekara 100 ba, kuma galibi kuɗinsa bai fi na azurfarsa da yawa ba, sai fa in masani ya gano alamar tsohon bugu a jikinsa.

Nan ne bambancin ya fito sarai. Ɗan kasuwa yana son kuɗi su zama iri ɗaya, na yau kamar na jiya, don ya amince da su. Mai tarawa kuwa bambanci ya ke nema, harafi ɗaya, gashin tsuntsu ɗaya, shekarar da wuta ta ci. Abin da ya sa liyari ya yi sarauta a kasuwa shi ne ya hana shi daraja wurin masu tarawa, dalar Morgan kuwa da aka ƙi a kasuwa aka jibge a taska, ita ce yau a ke nema. Wanda duk ya tarad da tsohon kuɗin azurfa cikin kayan gado, kada ya yi gaggawar kai shi maƙera, kada kuma ya goge shi. Ya naɗe shi cikin takarda mai tsabta, ya karanta shekarar, ya duba harafin, ya tambayi masani tukuna.